Sunan sinadari ɗaya, gini biyu

Ƙannena da ke karatun kimiyyar sinadarai a Garwa da Marwa, kuskuren da ya cinye mini wata uku a ɗakin gwaji shi ne na ɗauka cewa idan na san fomular sinadari, to na san sinadarin. An ba ni aikin haɗa borat na bariyum, wato BaB2O4, kuma saboda gaggawa sai na cika wa tanderu wuta har garin ya narke, alhali yana narkewa ne a wajen digiri 1095 na ma'aunin Celsius, sannan na bar shi ya huce. Abin da na ciro daga kasko yana ƙyalli, har na yi ta nuna wa abokai, amma da aka haska masa eksire don a ga yadda ƙwayoyinsa suka jeru, sai layukan da na'urar ta zana suka ƙi dacewa da abin da ake nema.

Malamina bai yi faɗa ba. Ya tambaye ni ko na taɓa lura da yadda boron yake zama da oksijin. Wani lokaci uku ne ke kewaye shi a shimfiɗe kamar alwatika, wani lokaci huɗu ne su yi siffar dala, kuma waɗannan tubala ne ke sarƙuwa su ba da zobe ko sarƙa ko raga. Ko boraks, gishirin boron da aka saba gani, yana da alwatika biyu da dala biyu a dunƙule ɗaya. A borat na bariyum zobba ne masu boron 3 da oksijin 6, sai dai jerinsu iri biyu ne: sama da digiri 925 ana samun nau'in alfa, ƙasa da haka kuma nau'in beta. Alfa yana da cibiyar da kowane ɓangare ke da takwaransa a ɗaya gefen, beta ba shi da ita, kuma rashin nan shi ne darajarsa, domin da shi yake mayar da hasken leza mai tsawon zango na nanomita 1064, wanda ido ba ya gani, ya zama kore mai 532. Chen Chuangtian da abokan aikinsa a ƙasar Sin ne suka fito da wannan amfani nasa. Ni kuwa alfa na dafa, alhali beta ake nema.

Saboda haka, kafin ku kunna tanderu ku nemi sanin nau'o'in da sinadarin yake da su da zafin da kowanne ke jurewa. Masu girmar da beta suna zuba wani gishirin sodiyum domin haɗin ya narke ƙasa da 925, su kuma rage zafi sannu a hankali na kwanaki masu yawa. Ko kanwar da ake kawo mana daga Tafkin Chadi ba a rana ɗaya take daskarewa ba. Borat kuma yana da wani hali, idan aka sanyaya shi da sauri yakan zama gilashi, eksire ya nuna tudu ɗaya mai faɗi babu layi ko guda. Wannan kuskuren ma na yi shi a gwajina na biyu, ranar da na buɗe ƙofar tanderu don in kama motar Ngawundare.