Daren da na ce wa Baba ba zan karanci likitanci ba

Tun ina aji uku a firamare mutanen gidanmu suke kirana Dakta. Sunan ya bi ni har ƙarshen sakandare. Shi ya sa ranar cike fom ɗin JAMB, wato jarrabawar shiga jami'a, da mai kwamfuta ya ɗago kai ya ce "Wane kwas?", ko tunani ban tsaya yi ba. Ga layi a bayana har bakin titi, rana tana dukan mutane. Na ce likitanci, na dangwala yatsa, na fito.

Jarrabawar maki 400 ce, darussa huɗu: Turanci dole, sai Fiziks da Kemistiri da Bayoloji. Na ci 221. Makin zai shigar da mutum kwasa-kwasai da dama, amma ban da likitanci. Shekarar nan a gida na yi ta.

Da damina ta faɗi aka tura ni ƙauye in taya Kawu aikin gona. Dawarsa ta taso gwanin sha'awa, da ta kai gwiwa sai ta tsaya cik, ganye ya fara rawaya. Can sai ga wuta-wuta ta fito da furenta. Kawu yana tuge ta yana cewa gonar ce ta gaji. Wata rana wani malamin gona ya biyo, ya tono gindin dawa ɗaya ya kakkaɓe ƙasar, ya ce in matso. Saiwar ciyawar nan na gani manne da saiwar dawa, ashe tun kafin ta leƙo waje take tsotse ta. Ya ce ƙwayar irinta takan yi shekaru kwance a ƙasa, ba ta tsirowa sai saiwar hatsi ta zo kusa da ita. Ya kuma ce masu bincike a Samaru ta Zariya sun fitar da irin masara mai jure mata. Wallahi a duk karatun Bayolojin da na yi babu abin da ya hana ni barci kamar wannan saiwar.

Faɗa wa Baba shi ne aikin. Bayan isha'i na same shi a kan tabarma, rediyo a gefensa. Na durƙusa na ce, "Baba, bana ilimin aikin gona nake so in cike." Ya rage muryar rediyon, ya jima bai ce komai ba. "Noman da na baro don ku yi karatu? Shekara biyar a jami'a don ka riƙe fartanya?" Ban ga laifinsa ba, shi ya san wahalar da ya sha a gona. Na ba shi labarin saiwar tun daga farko. Da na gama ya ce, "To, Allah Ya sa shi ne mafi alheri." Fuskarsa ba ta saki ba, amma da safe shi ya ba ni kuɗin fom.

A yawancin jami'o'in Amurka ɗalibi yakan kai ƙarshen shekara ta biyu kafin ya bayyana fannin da zai karanta. Mu kuwa yaro ɗan shekara 17 ne yake yanke wannan shawara a tsaye cikin layi, kuma hakan yana damuna har yau.

Yanzu ina shekara ta huɗu, wadda muke yi a gona. Makon jiya Baba ya kira ni, ya ce Kawu yana tambayar wane irin masara zai saya bana.