Idan aka sayar da kamfanin manhaja, har da mu a cikin cinikin

Ƙaramin sutudiyo gare ni a unguwar Ali Ɗan Sofo, ɗaki biyu. Ɗaya na ɗaukar murya ne, mun lulluɓe bangonsa da soso, ɗayan kuma nan kwamfuta take da fiyano da lasifika. Yara biyu ke aiki a hannuna. Waƙar biki ce ta fi kawo mana kuɗi, sai tallar rediyo, sai masu yabon Annabi. Duk aikin nan cikin manhaja ake yin sa, kuma masu manhajar suna can Jamus da Amurka da Beljiyam, ba su taɓa jin sunan Maradi ba. Amma ni ina bin labarinsu, wane ya sayi wane, kamar yadda ɗan canji ke bin farashin naira, don abin da suka ƙulla can yana iso ni har kan teburina.

Mu da muka daɗe a sana'ar, da Cool Edit muka koyi yanka murya da share hayaniya. Wani ƙaramin kamfani ne na Amurka, Syntrillium, ya yi shi, ba nauyi, kowace tsohuwar kwamfuta tana ɗaukarsa. A 2003 Adobe ya saye shi kan dalar Amurka miliyan 16.5 ya sake masa suna Audition. Aiki ya ƙara kyau, wannan ba musu. Sai dai daga 2013 Adobe ya bar sayarwa, ya koma haya, a biya duk wata ko duk shekara. Shi ya sa har gobe in ka leƙa ɗakunan haɗa shiri za ka tarar da Audition 1.5 ko 3.0, tsofaffi tukuf, mutane sun riƙe su gam. Masu aiki da manhajar Logic kuwa ko wannan ba su samu ba. Apple ya sayi Emagic na Jamus, mai Logic, a watan Yuli na 2002, ya kuma sanar da kowa cewa daga ƙarshen Satumba an gama da Logic na Windows. Wanda ya kashe kuɗinsa ya koyi Logic, ko dai ya sayi Mac, kwamfutar Apple, ko ya koma ɗan koyo a wata manhajar.

Wanda ba ya cikin sana'ar zai ce to mene ne, a sauya mana. Matsalar tana cikin fayil ɗin aiki. Waƙar da kake ji a waya an riga an dunƙule ta wuri ɗaya. A wurina kuwa a rarrabe take: layin mai waƙa, layin ƴan amshi, kalangu, ganga, fiyano, kowanne da nasa gyaran. Muryoyin suna nan a ɗauke, amma yawancin kiɗan umarni ne kawai aka ajiye, wato a buga wannan sauti a nan, da kaza ƙarfi, ta bakin wata ƙaramar manhaja da ke laƙe a cikin babbar. Ranar da ƙaramar ta ƙi buɗewa, umarnin yana nan, mai aiwatar da shi ne babu.

Wata Hajiya da na yi wa waƙar auren babbar ƴarta ta dawo bayan shekaru, za ta aurar da ƙanwar. Ta ce, "Malam, waccan waƙar nake so, ita dai, kada ka taɓa kiɗan. Sunan amarya da na ango kaɗai za a sauya." Na ce, "Hajiya, in Allah ya so gobe da la'asar ki aiko." Aikin rabin yini ne. Na buɗe fayil a sabuwar kwamfuta, muryoyi suka fito tsaf, kalangu ya fito, amma sautin sarewar da ke riƙe da waƙar tun daga farko shiru. Manhajar da ta yi shi da kuɗina na saye ta. Kamfanin an sayar da shi, sabon mai shi ya kashe na'urar da ke tabbatar da lasisi, ba kuma inda za ka kai ƙara. Na nemo sauti mafi kama na ɗora. Da ta saurara sai ta yi shiru, can ta ce, "Ta yi daɗi, Malam, amma ba ita ba ce." Gaskiya ta faɗa. Ta biya ba ta rage ko dala ba, abin dai ya tsaya mini a rai.

Labarin Cakewalk shi na fi ba yarana, don komai yana cikinsa. Kamfanin Boston ne, mai manhajar Sonar. Roland na Japan ya riƙe shi, a 2013 ya miƙa wa Gibson, masu jita. A 2016 aka sayar wa mutane alkawarin sabuntawa har abada, biya ɗaya. Watan Nuwamba na 2017 Gibson, da bashi ya yi masa katutu, ya ce ya daina aikin Sonar. Mutanen da suka biya kuɗin har abada, shekara ɗaya da ƴan watanni suka mora. Manhajar lafiyarta ƙalau, masu aiki da ita suna nan, uban gidanta ne ya shiga matsala a wata harkar daban. Sai BandLab na Singafo ya saye ta a farkon 2018 ya sake ta kyauta. Matasa da yawa da ba su da ko sisi da ita suka fara, na kuma yi murna da haka ƙwarai.

Don haka ba na cewa duk saye sharri ne. Yamaha ya karɓi Steinberg, mai manhajar Cubase, wajen ƙarshen 2004, Cubase kuwa har yau yana nan yana gaba, ga shi yana jituwa da fiyanon Yamaha da ke kusan kowane sutudiyo daga nan har Kano. Abin da nake dubawa shi ne me mai sayen yake nema. In mai ƙera kayan kiɗa ne, yana bukatar mu ci gaba da kiɗa. In kamfanin zuba jari ne, irin wanda ya sayi Avid mai Pro Tools a 2023 kan kusan dalar Amurka biliyan 1.4, lissafinsa yadda kuɗin za su dawo da riba cikin ƴan shekaru, kuma hanya mafi sauƙi ita ce kuɗin wata. Wani kuma bayananmu yake so. Da Muse Group ya karɓi Audacity a 2021 ya yi niyyar sa manhajar ta riƙa aika bayanan masu aiki da ita, sai da jama'a suka yi ca kafin ya ja da baya.

Haya ba ta dace da mu ba, ko da kuɗin ba su da yawa. Kasuwarmu ta lokaci ce. Bayan kaka da gabanin azumi biki ya yi yawa, har kwana muke a sutudiyo. Da damina kuwa sai a yi mako ba wanda ya leƙo, ita haya ba ruwanta. Sannan biyan sai da katin banki mai aiki a waje, abokin cinikina kuma tsaba yake kawowa ko ya turo ta Nita. A 2023, da aka rufe iyaka aka yanke wutar da ke zuwa daga Najeriya, da janareto muka yi ta lallaɓawa, aika kuɗi waje ya zama wahala. Manhajar da sai ta leƙa intanet ta tabbatar ka biya kafin ta buɗe, a irin wannan lokaci ta tsayar da kai. Na san da yawa cikinmu da fasassun manhajoji suke aiki, waɗanda ake zuba wa mutum a kasuwa. Ba na zagin kowa, na san dalili. Amma na ga yadda suke shigo da cuta cikin kwamfuta su lalata aikin shekara, kuma mu da muke kuka ana tura waƙoƙinmu a memori ba a biya mu, bai kamata mu yi wa wasu haka ba.

Yanzu kafin in sayi komai sai na tabbatar biya ɗaya ne kuma yana buɗewa ba intanet. FL Studio na Image-Line sabuntawarsa kyauta ce ga wanda ya saya, shekara da shekaru suna cika wannan alkawari. Reaper kuma dalar Amurka 60 ne ga ƙaramin mai sana'a irina, jika 30 da ƴan kai. Mai shi, Justin Frankel, shi ya yi Winamp, manhajar sauraren waƙa, ya sayar wa kamfanin AOL a 1999, ya ga abin da ya biyo baya da idonsa. Ko su ɗin ban ba su amana ɗari bisa ɗari ba, kowane kamfani yana iya sauya hannu.

Tsohuwar kwamfutata tana nan a kusurwa, na hana a haɗa ta da intanet, tsofaffin ayyuka kawai ake buɗewa da ita. Yaran kuma sun san doka. Ba a rufe aiki sai an fitar da kowane layi daban a WAV, wato fayil ɗin sauti da kowace manhaja ke buɗewa, tun daga daƙiƙar farko har ƙarshe, kiɗan ma a mayar da shi sauti, a ajiye MIDI, wato wancan umarnin kiɗan, a gefe, a rubuta saurin waƙar a sunan jakar. Ƙaramin ya taɓa ce mini, "Maigida, wannan fa yana cinye faifai." Na ce ya ci, faifai ana sayowa a kasuwa. Kwafi biyu muke yi, ɗaya a shago ɗaya a gida. Mai waƙar da ke son nasa sai ya ƙara kuɗin memori mu zuba masa layukan ya tafi da su, ko ni na rufe shago kowane sutudiyo a Damagaram ko Katsina zai buɗe su da manhajar da yake da ita.