Gadar jirgin da ba shi da direba

Ni ɗan wani ƙauye ne a ƙasar Kazaure, kuma tuƙin haya nake yi tsakanin Kazaure da Kano kafin in fita. Da na sauka Riyad a 2017 na zaci sitiyari zan riƙe, sai igama, wato takardar izinin zama, ta fito da sunan lebura. Kafilina, wanda ya ɗauki nauyin shigata ƙasar, ya miƙa ni ga wani ɗan kwangila mai aikin gadar jirgin ƙasa na cikin gari, aikin da aka soma tun 2014.

Watannin farko na sha wuya. Ɗaki ɗaya da 'yan Bangaladash da 'yan Nefal, magana sai da hannu. Larabcin makarantar allo ya ishe ni salla, bai ishe ni ciniki ba. Zafi kuwa, daga tsakiyar Yuni zuwa tsakiyar Satumba doka ta hana aiki a rana daga ƙarfe 12 zuwa 3, don haka yawancin zubi da dare muke yi.

A wurin aikin idona ya buɗe. Ashe ba a sama ake zuba gadar ba. Ginshiƙai ake fara kafawa, tushensu can cikin ƙasa. Jikin gadar kuma gunduwa-gunduwa ake zuba shi a wani fili daban, a ɗauko a tirela in titi ya yi sauƙi, ƙugiya ta ɗaga sama. Mu ne masu shafa gam a fuskar kowace gunduwa, da safar hannu, cikin sauri kafin ya daskare. Sai a zura igiyoyin ƙarfe ta cikinsu kamar ana zura carbi, inji ya ja har su matse su zama abu guda. Injiniya ya zo da na'urar awo yana ƙorafi a kan 'yan milimita, mu kuwa barci na cin idonmu.

Ranar da na gaya wa Kawu a waya cewa jirgin ba direba, dariya ya yi.

"Kai yaro, to in akuya ta gitta, wa zai taka birki?"

"Ranka ya daɗe, akuya ba ta da ta inda za ta hau."

Tambayar tasa ita ce gaba ɗaya maganar. Kwamfuta ba za ta ja jirgi ba sai an killace masa hanya: ko a ɗaga ta sama, ko a bi da ita ƙarƙashin ƙasa, ko a kewaye ta da shinge. Har a tasha akwai ƙofofin gilashi da ba sa buɗewa sai jirgi ya tsaya daidai bakinsu. Kuɗin da ake ganin an rage na direba, a gina hanyar aka ninka shi.

An fara buɗe jirgin a Disambar 2024, layi 6, kilomita 176, tasha 85. Da riyal 4 mutum zai yi awa biyu yana hawa. Sai a lokacin na san garin da gaske, don da daga masauki sai wurin aiki. Yanzu ranar Juma'a nakan bi layin da ake kira shuɗin layi zuwa unguwar Batha, in tura kuɗin taki gida, in nemi 'yan uwa mu yi Hausa har la'asar.

Kawu bai saki zancen ba. Da ya ga ana share hanyar jirgin Kano zuwa Maradi a wajen Kazaure, ya kira ya ce shi ma haka zai zama? Na ce a'a, wannan da direbansa, a ƙasa zai bi, sai dai ya ja wa yara kunne a kan awaki.