Iya waƙa daban, iya rera ta a gaban jama'a daban

Duk wanda ya koyar da mawaƙa ko 'yan wasan kwaikwayo, kamar yadda nake yi, ya san wani irin ɗalibi. A ɗakin atisaye ba ka da abin da za ka gyara masa. Amma ranar da aka yaye labule, ya ga idanu sun yi masa caa, sai maƙogwaro ya bushe, gwiwa ta kama rawa, baitin da ya hardace tun tuni ya ɓace masa ɓat. Shawarar da kowa ke ba shi ita ce ya ƙara atisaye. Ni kam ban yarda ba. Waƙar ai ya iya ta. Abin da bai taɓa gwadawa ba shi ne rera ta zuciyarsa na dukan uku-uku.

'Yan wasannin motsa jiki sun daɗe da raba waɗannan abubuwa biyu. Tun a 1925 Coleman Griffith ya buɗe ɗakin bincike a Jami'ar Illinois ta Amurka don nazarin abin da ke faruwa a zuciyar ɗan wasa. Masu fasaha kuwa ɓoye fargabar suka yi ta yi, wai abin kunya ne. Wani bincike da aka yi a 1987 a kan makaɗa sama da 2,000 na manyan ƙungiyoyin kiɗa a Amurka ya gano kashi 27 cikin ɗari suna shan maganin rage bugun zuciya don fargabar dandali. Mawaƙiyar Amurka Barbra Streisand ta manta kalmomin waƙa a tsakiyar wasa a filin shaƙatawa na Central Park da ke New York a 1967, daga nan ta shafe kusan shekara 27 tana guje wa manyan wasannin da ake sayen tikiti. Wannan fa ba 'yar koyo ba ce.

Labarin da na fi ba ɗalibaina shi ne na Michael Phelps a gasar Olamfik ta Beijing a 2008. A ninƙayar mita 200 salon malam-buɗe-littafi, ruwa ya cika masa tabarau, har ta kai ba ya ganin bango. Sai ya koma ƙirga bugun hannunsa, ya ci zinare, ya kuma kafa sabon tarihi na duniya. Kocinsa Bob Bowman ya saba sa shi ya riƙa kallon tseren a ransa tun daga farko har ƙarshe, har da abubuwan da za su iya ɓaci. Nan ne mutane ke kuskuren fahimta. Suna zaton shirin zuci shi ne ka rufe ido ka hango ana yi maka tafi. Ina! Ka hango makirfo ya ɗauke, ka hango abokin wasanka ya tsallake layinsa, sannan ka hango abin da kai za ka yi a wannan daƙiƙar.

Kuma atisayen zuci ba tatsuniya ba ce. A 1995 masanin ƙwaƙwalwa Alvaro Pascual-Leone ya sa wasu mutane suna buga wani ɗan darasin fiyano na yatsu biyar awa biyu kullum har kwana biyar, wasu kuma suna zaune a gaban fiyanon suna buga shi a ransu kawai. Sashen ƙwaƙwalwa mai kula da yatsu ya sauya a rukunin biyu kusan iri ɗaya, ko da yake masu taɓa fiyanon sun fi iya bugun.

A wurina dai, abin da ya fi aiki shi ne ɓata wa ɗalibi atisaye da gangan. Nakan sa shi ya hau bene da gudu ya sauko, yana haki, in ce ya fara waƙar nan take. Nakan sa wani ya tura kujera ta faɗi, ko waya ta yi ƙara a daidai wuri mai wuya. Doka ɗaya ce: ba tsayawa, ba komawa baya. Wannan dokar ce ta fi ba su wahala, don a ɗaki sun saba da zarar sun yi tuntuɓe sai su dakata su gyara, har jiki ya ɗauki tsayawar a matsayin wani ɓangare na waƙar. A makarantar kiɗa ta Royal College of Music da ke Landan sun kai abin wani mataki: suna da ɗaki mai fitilun dandali da 'yan kallo na majigi, masu tari da gyara zama, ɗalibi ya shiga ya yi wasa a gabansu. Makarantar Juilliard ta New York ma ta ɗauko Don Greene, wanda ya yi aiki da masu tsalle cikin ruwa na Olamfik, ya koyar da makaɗa. Ni ba ni da majigi, amma kujera da bene sun wadatar.

Kalmar da na hana kowa faɗa a bayan labule ita ce "natsu". Wanda jininsa ke tafasa ba ya natsuwa don an umarce shi, sai ma ya ƙara firgita da ya ga ya kasa. Alison Wood Brooks ta Harvard ta wallafa wani gwaji a 2014 inda aka sa mutane rera waƙa a gaban baƙo. Waɗanda suka ce wa kansu suna ɗoki sun fi waɗanda suka ce suna fargaba rerawa daidai. Jiki ɗaya ne, gumi ɗaya ne, fassarar ce ta bambanta. Haka kuma binciken Sian Beilock a kan 'yan golf ya nuna wasan gwani yakan lalace idan ya tsaya sa ido a kan kowane motsin hannunsa. Shi ya sa ranar wasa ba na barin mawaƙi ya yi tunanin harshe ko numfashi. Nakan ce ya zaɓi mutum ɗaya a layin ƙarshe ya isar masa da labarin.

Sai dai akwai inda aron dabarun 'yan wasannin motsa jiki yake tsayawa, kuma masu tallan wannan ilimi ba su cika faɗa ba. Ɗan ninƙaya agogo ke yi masa hukunci. Mawaƙi ba shi da agogo. Na sha ganin wasan da ba kuskure ko ɗaya, amma na fita ban ji komai ba, domin mai yin sa ya kulle kansa da dabaru har ba ƙofar da ɗan kallo zai shiga. A gwajin neman gurbi, inda alƙalai ke zaune da biro kuma mutum ɗaya za a ɗauka, to wannan gasa ce, a yi mata shiri irin na gasa. Wasan da jama'a suka zo kallo kuwa ba wanda kake neman kayarwa. Don haka idan ɗalibi ya fara ce mini yana so ya "ci" daren Asabar, nakan rage masa hawan bene, mu koma mu zauna da kalmomin waƙar, in tambaye shi wa yake yi wa magana a baiti na biyu.