Kafin ka miƙa kuɗin babban faifan ajiya

Ƙannena masu shigowa sana'ar ɗaukar bidiyo da hoto, akwai ranar da kwamfutarku za ta cika, ku fara neman babban faifan ajiya, wanda 'yan kasuwa ke kira had-dis. A irin wannan ranar ce na yi asarar da har yau ban manta zafinta ba, kuma son araha ne ya ja mini.

Wani mai shago ya nuna mini faifai na waje a cikin kwali mai ƙyalli, an rubuta 4TB a jikinsa, wato girman ajiyarsa terabayit huɗu, ya sallama mini a kan rabin kuɗin da aka gaya mini a sauran shaguna. Ya jona shi a kwamfutarsa, ta nuna girman da aka rubuta, na biya ina murna. Da na koma gida na juye bidiyon wani biki gaba ɗaya, tun daga kamu har kai amarya, sannan na goge katin kyamara domin aikin washegari. Bayan mako guda na zauna zan tace aikin, sai na tarar sunayen fayilolin suna nan reras amma yawancinsu ba sa buɗuwa. Mai gyara ya sa sukundireba ya ɓalle murfin a gabana. Babu faifai ko ɗaya a ciki, sai ɗan ƙaramin filashi da notuna biyu da aka manna da gam domin abin ya yi nauyi a hannu. An saita filashin ne ya riƙa yi wa kwamfuta ƙaryar girmansa, idan ya cika kuma sai sabon abu ya hau kan tsoho ya shafe shi. Kuɗin faifan bai dame ni ba kamar tsayuwar da na yi a zauren gidan amarya ina yi wa yayanta bayani.

Da na san manhajar H2testw, da ban shiga wannan halin ba. Kyauta ake sauke ta, kuma aikinta shi ne ta cika faifan da bayanai har bakinsa, sannan ta sake karanta su ta ga ko sun dawo yadda ta rubuta su. A kan babban faifai gwajin yana iya cin yini guda ko fiye, saboda haka ku yi yarjejeniya da mai shago tun kafin biya cewa za ku dawo da kaya idan ya faɗi gwaji. Wanda ya ƙi yarda, ku bar masa kayansa.

Amma kada tsoro ya sa ku zargi mai gaskiya, kamar yadda na yi daga baya. Na taɓa tayar wa wani bawan Allah hankali saboda faifan 4TB ya nuna 3.63TB, alhali haka kowane na ƙwarai yake nunawa a Windows, domin kamfanoni da dubu suke lissafi, ita kuwa Windows da 1,024. Shi ya sa 1TB ke fitowa a matsayin 931GB.

Na hannu ma ba laifi ba ne idan an san shekarunsa. Manhajar CrystalDiskInfo tana nuna sa'o'in da faifai ya yi a kunne da kuma wuraren da suka lalace a jikinsa. Shekara guda sa'o'i 8,760 ce, don haka wanda ya nuna 35,000 ya yi kusan shekara huɗu yana juyawa dare da rana, komai tsabtar kwalinsa. Sai dai ana iya goge wannan lissafin, kamar yadda aka gano a Jamus a farkon 2025, inda aka sayar wa mutane tsofaffi da sunan sababbi. Kamfanoni uku ne suka rage masu ƙera irin waɗannan faifai, wato Seagate da Western Digital da Toshiba, kuma yana da kyau a shigar da lambar jikin faifan a shafin wanda ya ƙera shi a ga ko garantinsa na nan.

Game da farashi, ku raba kuɗin da yawan terabayit, ku kwatanta abin da kowace ɗaya ta kama, domin sau da yawa na tsakiya ya fi ƙarami da mafi girma sauƙi. Farashin kuma yana da lokutan hauka, kamar bayan ambaliyar Tailan ta 2011 da ta tsayar da masana'antu, da kuma 2021 lokacin da masu haƙar kuɗin intanet na Chia suka wawushe manya. Ku tambaya kuma ko faifan CMR ne ko SMR, wato hanyoyi biyu da ake jera bayanai a kan faifai, saboda na biyun yana jan ƙafa sosai idan ana juye masa bidiyo mai yawa a lokaci ɗaya.

Manyan na kan tebur suna da nasu cajar wuta, kuma ɗaukewar wuta a tsakiyar juye aiki tana iya ɓata fayiloli, saboda haka ku sa kuɗin UPS, wato batirin da ke riƙe wuta idan an ɗauke, a cikin lissafi. Ni yanzu idan kuɗina ya isa sayen 8TB guda, sai in sayi 4TB biyu, ɗaya a shago ɗaya a gida, kuma ba na goge katin kyamara sai na buɗe bidiyon a kan dukansu na ga fuskar amarya tana motsi.