Dalilin da ya sa na rage aikin cincin da kek na ƙaramar sallah

A gidaje da yawa na Kano, idan azumi ya shiga goman ƙarshe, dare yakan rabu gida biyu: wasu suna masallaci suna tahajjud, wasu kuma suna tsakar gida a kan tabarma suna yanka cincin. Na daɗe ina cikin kashi na biyu, kuma ba wanda ya tilasta mini, domin aikin gado ne daga mahaifiyata, wadda ba ta taɓa barin sallah ta wuce ba tare da ta aika wa maƙwabta da dangin mahaifinmu kwanon cincin ba. Sai dai abin da ta yi a zamaninta da abin da na wayi gari ina yi ba ɗaya ba ne. Umma cincin kaɗai take yi, fulawa mudu biyu ko uku, ta gama a yini guda ta wanke hannunta. Ni kuwa a hankali na ƙara kek, na ƙara gireba, daga baya dubulan ya shigo saboda dangin maigida suna sonsa, har ta kai ina zuwa kasuwar Singa ina sayen fulawa da sukari da mai kamar mai shirin gara.

Yadda abin yake girma shi ne ya fi ba ni mamaki da na zauna na duba. Ba a taɓa yin shekarar da na yanke shawarar ninka aikin ba. Gida ɗaya ake ƙarawa, saboda sabuwar maƙwabciya ta tare a layinmu, ko ƙanwar miji ta yi aure ta zama mai gidan kanta, ko wata abokiyar aiki ta aiko da nata kuma ba a mayar da kwano babu komai. Wanda ya shiga jerin kuwa ba ya fita, domin a wajenmu idan aka saba aika wa mutum abu aka daina, ba zai ce an gaji ba, cewa zai yi an yi fushi da shi ko an raina shi. Ta haka jerin yake tsawo kowace shekara, alhali hannun da ke aikin guda biyu ne.

Wanda bai taɓa yin cincin mai yawa ba yakan ɗauka suyar ce wahala, amma wahalar tana wajen murzawa da yankawa. Bayan an kwaɓa fulawa da bota da sukari da ƙwai da ɗan gyaɗar ƙamshi, sai a gutsura a murza da kwalba ko muciya har ya yi faɗi, a tsaga shi tsaye, a sake yanka shi a kwance ƙanana-ƙanana, ana barbaɗa gari don kada ya manne. Mutum yana duƙe, baya yana ciwo, yatsu suna sagewa, kuma faranti ɗaya da aka ɓata rabin sa'a ana yankawa cikin minti kaɗan yake soyuwa. Garin da aka barbaɗa shi ne kuma yake zama a ƙasan kasko ya ƙone, man ya yi baƙi ya fara kumfa, dole a sauke a tace kafin a ci gaba. Kek ma da nasa. Tun da wutar lantarki ba abin dogaro ba ce, tsohuwar hanya nake bi: a zuba yashi a gindin babbar tukunya, a jera gwangwanaye a kai, a rufe a ɗora garwashi a kan murfin, sannan a tsaya a kansa ana leƙawa, domin da an ɗan sha'afa ƙasan ya ƙone tsakiya kuma bai nuna ba. Duk wannan bayan an gama girkin buɗa-baki da wanke-wanke ne, kuma sahur yana jira.

Abubuwa biyu suka haɗu suka sa na tsaya na yi lissafi. Na farko tsada. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, farashin fulawa da sukari da man gyaɗa da ƙwai ya yi tashin da duk mai shiga kasuwa ya gani da idonsa, har kuɗin da a da yake isar kayan cincin da kek gaba ɗaya ya koma da ƙyar yake sayen mai da sukari. Na biyu zafi. Azumin 2024 ya fara ne a ranar 11 ga Maris, aka yi sallah 10 ga Afrilu, wato tsakiyar bazara, lokacin da zafin Kano yake haura digiri 40. Tsayuwa a gaban kaskon mai a irin wannan yanayi, bayan an yini ba ruwa, ba ƙaramin abu ba ne ga jiki. A waccan sallar na je idi ne ina gyangyaɗi, na dawo na kwanta, washegari kuma da baƙi suka cika gida ina gaisawa da su ne kawai amma hankalina yana kan katifa.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai ba kuɗin ba ne, ba kuma ciwon bayan ba. Dararen da nake kashewa a kan fulawa su ne mafi daraja a shekara. Kowa ya san ruwayar Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, cewa idan goman ƙarshe ya shiga Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan ɗaure ɗamara ya raya dare ya tashi iyalinsa. Iyalin nan da ake tasa mata suna ciki. Na san ciyar da mutane da sada zumunci ibada ne, kuma ban yarda da masu yi wa mata gori a kan hidimar gida kamar ba lada a cikinta ba, tun da su ma da sallah hannunsu ba ya fita daga bokitin cincin. Sai dai cincin ana iya yinsa a kowane dare na shekara, daren Lailatul Ƙadari kuwa a waɗannan kwanakin kaɗai ake nemansa.

Ragewar da na yi ba ta zo da wata dabara mai zurfi ba, dogaro na yi da halin kowane abu. Kek shi ne ya fi cin ƙwai da bota, shi ne kuma ba ya jure zafi, kwana kaɗan ya fara sauya ɗanɗano, wanda hakan ke tilasta a yi shi daf da sallah, don haka shi na fara ajiyewa. Cincin idan ya soyu sosai aka bar shi ya huce kafin a rufe shi a bokiti mai murfi, yana yin makonni bai yi komai ba, saboda haka yanzu kafin ashirin ga wata nake gama shi, mudu uku kamar na Umma, ni da 'ya'yana mata da rana tsaka a ƙarshen mako. Dubulan kuwa na daina wahalar da kaina a kansa. A cikin gari akwai matan da sana'arsu ke nan, su ne masu yin dubulan da alkaki da nakiya na gara shekara da shekaru, hannunsu ya fi nawa nesa ba kusa ba, kuma kuɗin da zan ba su yana shiga hidimar sallar gidansu ne.

Jerin gidajen shi ne ya fi wuya, kuma a nan ne na yi taka-tsantsan. Ban bari sallah ta zo mutane su ji shiru ba. Tun cikin Sha'aban na bi manyan da kaina na gaya musu. Surukata ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Ai ni dama tausayinki nake ji, 'yar nan, ban dai san yadda zan ce ki bari ba ne kada ki ga kamar ba na so." Gwaggona kuwa ba ta ji daɗi ba, kuma ba ta ɓoye ba. Ta ce, "Uwarki ba ta taɓa cewa ta gaji ba." Na ce, "Haka ne Gwaggo, amma Umma cincin kaɗai take yi, kuma a lokacinta kuna gida ɗaya ku huɗu kuna yanka tare." Ta yi shiru, daga baya ta ce to kada dai a cire ta a gireba.

Maganar da na faɗa mata ita ce gaskiyar lamarin a ganina. Wannan al'ada a babban gida aka haife ta, inda kishiyoyi da faccaloli da 'yan mata suke zagaye faranti ɗaya ana hira ana yanka, aikin ya ƙare ba wadda ta ji a jikinta. Mu kuma muka ɗauko ta muka kawo gidan da mace ɗaya ce take girki, take kai yara makaranta, wata ma da safe tana da wajen aiki, sannan muka ƙara mata nau'o'in da iyayenmu ba su yi ba saboda muna ganin hotunan na wasu a Instagram.

Yanzu cincin yana zuwa gidajen da ke jikin katangarmu, da gidan surukaina, da tsofaffin dangi waɗanda ba su da mai yi musu. Sauran ina kai musu ziyara ne a kwanakin sallah, yara su karɓi barka da sallah, manya mu zauna mu yi hira, abin da a da ba na samun ƙarfin yi. Wasu sun tambaya ko lafiya, na gaya musu dalili, akasarinsu suka ce su ma sun daɗe suna son ragewa. Gireba kuwa har yanzu ina yin faranti ɗaya, mai riɗi a sama, a daren sha tara ga wata, kuma rabinsa na Gwaggo ne.