Gonar gahawa ta Gibb a Karatu

A gefen dajin Ngorongoro, kusa da garin Karatu a Tanzaniya, akwai gonar gahawa da wani Bajamushe ya kafa a 1929. James Gibb, tsohon sojan Birtaniya, ya saye ta a 1948, a 1972 kuma aka fara saukar da baƙi. Abin da ya fi burge ni, zuwan baƙi bai sa an daina noma ba.

Kuma noman gahawa ba wasa ba ne, jama'a. Itacen sai ya shekara 3 zuwa 4 kafin ya fara 'ya'ya. Da hannu ake tsinka, jajaye kaɗai, don ɗanye bauri yake sa wa. Ranar da aka tsinka ake ɓare ɓawon. In ya kwana a buhu, zafi zai fara lalata shi. Sai a bar ƙwayar kwana ɗaya ko ɗaya da rabi yauƙin ya sake. In ta wuce haka, tsami ya kama ta, wahalar shekara ta tafi a banza. A wanke, a shanya a kan gadajen waya ana juyawa, har danshi ya sauka zuwa kashi 11 cikin ɗari. Kilo 5 zuwa 6 na 'ya'ya ke ba da kilo ɗaya na busasshiyar ƙwaya.